Gidajen man NNPC a idon direban hanyar Kano zuwa Abuja

Sana'ata dakon kaya ce da ƙaramar bas tsakanin Kano, Kaduna da Abuja, kuma tun da aka cire tallafin mai, kuɗin fetur ne ke cinye kaso mafi tsoka a duk abin da na samo. Saboda haka ba kowane gidan mai nake shiga ba. Yawanci a gidajen NNPC nake sha, kuma zan faɗi dalili, sannan in faɗi abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da harkar kamfanin a cikin gida.

Babban abin da ya riƙe ni shi ne awo. Duk direban da ya daɗe a hanya ya san motarsa: ya san inda allurar tanki za ta tsaya idan an zuba masa lita talatin, ya san garin da man zai kai shi. A gidajen NNPC da nake shiga, lissafina da na famfo suna haɗuwa. Na sha zuba mai a wasu gidajen 'yan kasuwa da ke bakin hanya, ba zan kama suna ba, in biya kuɗin lita talatin amma allura ta ƙi tashi yadda ta saba, kafin in kai Zariya hankalina ya fara tashi. Wanda ke auna ribarsa da lita ba ya wasa da irin wannan. Man kuma bai taɓa sa injina shaƙewa ko toshe mini filtar mai ba, kuma farashin da ke kan allo shi ne wanda ke kan famfo, ba a ce maka sai ka ƙara wani abu kafin a zuba maka a jarka.

Samun gidajen ma ya yi sauƙi fiye da da. A watan Oktoban 2022 kamfanin ya sayi OVH Energy, mai gudanar da gidajen man Oando, sai ga gidaje da yawa sun koma ɗauke da sunan NNPC. A da sai dai manyan tashoshin nan da ake kira mega a manyan birane. Layi yakan yi tsawo idan mai ya yi wuya, amma ni a wurina layin nan shaida ce: mutane ba sa jeruwa cikin rana a wurin da suke zargin ana tauye musu mudu.

Farashi kuwa kowa ya ɗanɗana. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta koma 488 a Legas, 537 a Abuja, 557 a Maiduguri. Zuwa Oktoban 2024 ta haura dubu a Abuja. Ku lura da bambancin da ke tsakanin Legas da Maiduguri, domin a nan maganata take. Mu a Arewa muna biyan kuɗin mai, muna kuma biyan kuɗin doguwar tafiyar da tanka ta yi da shi daga bakin teku.

Kuma ba haka aka tsara ba tun asali. An kafa NNPC a 1977. A 1980 aka buɗe matatar Kaduna, mai ƙarfin tace ganga 100,000 a rana (daga baya aka ƙara zuwa 110,000), aka ja mata bututun ɗanyen mai tun daga Escravos da ke Jihar Delta, ya bi ta Warri, tafiyar da ta wuce kilomita 600. Bayan fetur da kalanzir da dizal, an gina ta ne har da sashen man giris da baƙin mai da kwalta da kakin zuma na masana'antu. Daga nan tataccen mai yana bin bututu zuwa depo-depo irin na Hotoro a Kano, da Gusau, da Jos, da Suleja, tankoki su ɗauka su raba a kusa. Tsari ne mai hankali ƙwarai. Yau shekaru ke nan matatar ba ta aiki, kuma duk wanda ke bin hanyar Abuja zuwa Kaduna yana ganin sakamakon da idonsa: jerin tankoki sun taso daga Kudu, suna farfasa kwalta, wani lokaci ɗaya ta kife ta ɗauki rayukan bayin Allah. Idan ka haɗa matatar Kaduna da ta Warri da biyun Fatakwal, matatun kamfanin huɗu suna da ƙarfin ganga 445,000 a rana. A 2021 aka amince da dala biliyan ɗaya da rabi don gyaran ta Fatakwal, aka kunna tsohon sashenta a Nuwamban 2024, aka sake rufe shi a Mayun 2025. Ta Kaduna an ba kamfanin Daewoo kwangilar gyaranta a 2023. Raina yana ɓaci idan na tuna cewa matatar Dangote, ta ɗan kasuwa guda, mai ganga 650,000, ta fara fitar da fetur a Satumban 2024, alhali kamfanin ƙasa da ya girme ta da shekaru arba'in da ɗoriya ya fi ƙarfi a saye da sayarwa.

Ba don ƙiyayya nake faɗin wannan ba. Tun Yulin 2022, bisa dokar man fetur ta 2021, NNPC ya zama kamfanin kasuwanci mai neman riba, kuma hannun jarinsa na gwamnati ne, wato namu ne. Mai gona yana da ikon tambayar abin da aka girbe. Yaran da ke kan famfo suna aikinsu da ladabi, da yawansu sun san ni, kuma ba su ne za su tayar da matata ba.

Abin da nake sa wa ido yanzu shi ne iskar gas. Abokan sana'a da suka mayar da motocinsu kan CNG, wato gas ɗin da mota ke sha maimakon fetur, a Abuja suna kashe abin da bai kai rabin nawa ba, sai dai wuraren cikawa sun yi kaɗan ga mai doguwar tafiya. Bututun gas na AKK, mai kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, an ƙaddamar da aikinsa tun Yunin 2020. Ranar da gas ya wadata a wannan hanya, da tashoshin cikawa a Kaduna, Zariya da Kano, zan kai bas ɗina a ɗora mata tukunya. Kafin nan ina ba duk direba shawarar gidajen NNPC saboda awonsu, ya tabbata famfo ya koma sifiri kafin a fara zuba masa, kuma idan zai taso daga Abuja ya cika tanki a can.