Kamfanin da ke riƙe mana adireshin shago: aiki lafiya, bayani sai a hankali

Shagon Yaya na shadda da atamfa a Agege yana da shafin intanet mai .com.ng, ni nake kula da shi. Bayan babbar salla muka mayar da shi hannun wani kamfani na nan Legas. Ta fuskar aiki ban ga abin kushe ba: shafi bai faɗi ba, da naira ake biya, kuma suna amsa saƙon WhatsApp ko da dare ne.

Inda suka gaza shi ne wajen kiran abu da sunansa. A allon saitinsu wuri biyu ne aka rubuta NS, wato sabar suna, kwamfutar da ke faɗa wa masu nema inda shafinka yake, alhali ba abu ɗaya ba ne. Na farko shi ke tafiya rajistar .ng da hukumar NiRA ke gudanarwa. Nan ne uwar yanki, wato matakin da ke sama da adireshinka, ke nuna wa duniya sabobin da aka damƙa wa amanar adireshinka. Na biyu kuwa rikodin NS ne da ke cikin yankinka kai kanka, kusa da rikodin A mai nuna lambar IP, wato lambar kwamfutar da shafinka ke kai, da MX mai nuna sabar da ke karɓar imel. Kwamfutar mai neman shafinka daga saiwa, wato sabobin da ke saman dukkan adiresoshin intanet, take fara tambaya, ta gangaro .ng, sannan ta iso gare ka. Don haka in na ciki kaɗai ka sauya, baƙi za su ci gaba da sallama a tsohon gida. Dole biyun su dace, amma ko layi ɗaya ba su rubuta a kan haka ba.

Sai rikodin danƙo. Idan sunan sabarka a ƙarƙashin adireshinka yake, ba yadda za a yi a gano ta sai uwar yanki ta riƙe lambarta; wannan shi ne rikodin danƙo. A allo an kira shi da suna ɗaya, a shafin taimako da wani, yaron da ke amsa waya kuma da na uku. Wani maƙwabcinmu mai sayar da wayoyi a Ikeja sai da ya zo har shago yana cewa, "Malam, don Allah wanne ne wanne?"

Kome ka tambaya, amsarsu "jira awa 48, yana yaɗuwa". Ba wani yaɗuwa. TTL ne, wato daƙiƙoƙin da wasu sabobi ke ajiye tsohuwar amsa kafin su sake tambaya. 86400 kwana guda ke nan, 3600 awa guda. Da sun faɗi haka, da mutum ya rage na rikodin A tun kafin ranar ƙaura.

Sabar suna biyu suka ba mu, kamar yadda aka saba. Amma lambobinsu na bin juna, alamar ɗaki ɗaya suke kwana, kuma kowa ya san halin wutar Legas. Na rubuta musu ina tambayar ko za a iya ƙara ta uku daga wani kamfani. Sun ce za a iya, sai dai ni zan shigar da ita a wuraren nan biyu da hannuna.