Gashin kibiya na Trueflight: na gwada inci 4 da inci 5

Tun da na fara harbi da bakan katako irin na Turawa, wanda ba saiti ba komai sai ido da hannu, abin da ya fi ɗaure min kai shi ne gashin nan da ake mannawa a gindin kibiya. Mu dai kibiyar maharbanmu ba ruwanta da gashi, kyauro ne da ruwan ƙarfe a baki, a shafa dafi a laɓaɓa a harba daga kusa. To ita kibiyar bakan Turawan doguwa ce, in ba gashi sai ta riƙa wutsil-wutsil a iska.

Na yi odar fakiti biyu na Trueflight, kamfani ne a jihar Wisconsin ta Amurka, gashin fiffiken talotalo suke yankawa su rina. Ɗaya inci 4 mai zagayayyen baya wanda suke ce wa parabolik, ɗayan inci 5 yankan garkuwa, wato santimita 10 da kusan 13 kenan. Gaskiya kayan sun yi kyau, gindin gashin an goge shi sumul ya kwanta a jikin kibiya ba gargada, gam ya kama shi tsaf, kuma kala ba ta zuba a hannu.

Kafin ka biya kuɗi ka duba wani abu, akwai na fiffiken dama akwai na hagu. Kowanne ka ɗauka zai yi, ba ruwansa da ko kai bahago ne, amma kar ka kuskura ka haɗa su a kibiya ɗaya, domin ɗaya zai juya ta nan ɗaya can. Ni na hagu na saya duka.

Bakana nauyin jansa fam 40 ne. Na manna gashi uku-uku, kibiya shida da inci 4 shida da inci 5, duk na ɗan karkata su don kibiya ta riƙa juyawa. A mita 18 wallahi bambancin kaɗan ne, inci 5 ya fi saurin miƙar da kibiya, ko na saki tsirkiya ba daidai ba sai ka ga ta ɗan yi rawa ta dawo hanya, wannan ya burge ni sosai a makon farko har na ce ai shikenan na samu nawa. Sai da na ja baya zuwa mita 30 na ga inda gizo ke saƙa, masu inci 5 suna sauka ƙasa da 'yan uwansu kusan kowane zagaye, saboda gashin da ke riƙe kibiya shi ne dai yake ja mata birki, ga ƙara fuuu da kake ji tana tafiya. Ranar da iskar hunturu ta taso daga gefe kuwa, manyan ne iska ta fi kwashewa.

Abin da na fi so mutane su gane shi ne babban gashi yana rufa wa kibiya asiri. Wani abokin harbina ya ce in ɗauki ɗaya ba gashi ko ɗaya in harba daga kusa in gani, na harba ta shiga a karkace, ashe sandar kibiyar ce ta yi wa bakan tauri, gashin ne kawai yake gyara ta a hanya ban sani ba. Da na sa mata kai mai ɗan nauyi ta miƙe, daga nan inci 4 ya ishe ni har da saura. Don haka in kibiyarka na rawa kar ka ruga sayen dogon gashi, fara duba sandar tukuna.

Inda inci 5 yake da gaskiya shi ne kan farauta mai faɗi kamar wuƙa. Shi wannan kan yana kama iska da kansa yana son ya ja kibiya inda ya ga dama, dole gashin baya ya fi shi ƙarfi. Sabon shiga ma da hannunsa bai zauna ba zan ce ya fara da inci 5. Sai dai ka auna tazarar tsirkiya da jikin baka, in ta yi gajarta dogon gashi zai hau kan katako tun ba ka ja ba, ya yamutse.

Me ya sa ba gashin roba ba, wanda wasu ke mannawa a maimakon na tsuntsu? Ai a irin wannan bakan kibiya a jikin katako take gogawa ta wuce, gashi yana kwantawa ya tashi, roba kuwa dukan katakon take ta yi tsalle. Matsalar gashi kowane iri ruwa ne, da damina in ya jiƙe sai ya lafe kamar kazar da ruwa ya doka. In ya bushe ka kara shi a tururin buta zai miƙe. Ka kuma ajiye ragowar a leda mai zif saboda asu.

Oda ta gaba inci 4 zan ƙaro, fari da ruwan lemo, don sun fi saurin ganuwa in kibiya ta faɗa ciyawa.