Man CBD da ake talla a WhatsApp don farfaɗiya: na yi lissafin abin da ke cikin kwalbar

Kwalbar ƙarama ce mai duhu, mililita 30, da ɗan bututun ɗigawa a murfinta. An rubuta CBD 500 mg, sai hoton ganyen wiwi (CBD wani sinadari ne da ake cirowa daga wiwi, amma ba shi ne mai bugarwa ba). Babu adireshin kamfani, kuma ranar lalacewa manna ta aka yi a kan ta asali. Jika goma sha biyar Yaya ta biya. Mai sayarwar a WhatsApp yake talla, ɗan kabu-kabu ya kai mata har ƙofar gida a Birni tun kafin la'asar. Wajen saurin kawo kaya dai ban ga laifinsa ba. Man ma ba shi da ɗaci sosai, yaro yana haɗiyewa ba rigima.

Yaron ɗan yayata ne, shekararsa 9. Farfaɗiya ta same shi bayan sanƙarau da ya yi yana ƙarami, abin da ba baƙo ba ne a Damagaram. Yana shan Dépakine, maganin farfaɗiya na asibiti, amma kwanakin baya faɗuwar ta ƙaru, kuma uwa idan ta ga ɗanta yana shure-shure a ƙasa, duk wanda ya ce yana da magani za ta saurare shi.

Ni malamar kimiyyar halittu ce a lise, ba lokotoro ba, don haka alƙalami na ɗauka. CBD ba ƙarya ba ne. A 2017 mujallar likitoci ta New England ta buga gwajin da aka yi kan yara da matasa 120 masu wata farfaɗiya mai tsanani da ake kira Dravet. Waɗanda suka sha CBD, faɗuwarsu ta ragu daga kusan sau 12 a wata zuwa kusan sau 6. Waɗanda aka ba ruwan da ba magani a ciki sun tashi daga kusan 15 zuwa 14. A 2018 Amurka ta amince da maganin CBD mai suna Epidiolex don Dravet da wata farfaɗiyar mai tsanani, Lennox-Gastaut, daga baya aka ƙara wata cuta guda. Ba kowace farfaɗiya ba ke nan, kuma a kan magungunansu na kullum aka ɗora musu shi.

To ga inda lissafin ya tsaya mini. A gwajin nan, miligiram 20 ake ba yaro kan kowane kilo na nauyinsa, kowace rana. Ɗanmu kilo 25 ne. Miligiram 500 ke nan a yini, wato kwalbar nan gaba ɗayanta, idan har abin da aka rubuta gaskiya ne. Shi kuwa mai kaya cewa ya yi ɗigo uku safe, uku dare, za ta kai wata biyu. Epidiolex yana da miligiram 100 a kowane mililita, wannan ba ta kai 17 ba.

Ko rubutun ma ban ba shi gaskiya ba. A 2017 ɗin dai mujallar JAMA ta buga binciken kayan CBD 84 da aka saya a intanet: kashi 31 cikin ɗari ne kawai abin da ke ciki ya dace da rubutun, kuma an sami THC a cikin 18. A Amurka fa ke nan, balle kwalbar da aka sake wa rana.

THC ɗin ne ya fi tayar mini da hankali, shi ne sinadarin da ke bugarwa a wiwi, wanda Raphael Mechoulam da abokin aikinsa suka ware a 1964. Ƙwaƙwalwa tana da masu karɓar saƙo da ake kira CB1, kuma tana haɗa nata sinadaran da ke taɓa su, irin su anandamid da aka gano a 1992. Aikin waɗannan sinadaran kamar matar gida ce da ke ce wa mai ga-ruwa "ya isa" idan randa ta cika: ƙwayar jijiyar da ke karɓar saƙo ce ke mayar da su baya, mai aikowa ta sassauta. THC yana faɗin "ya isa" ko'ina a lokaci guda, har a hifokamfus, sashen da ke ajiye sabon abin da aka koya. Shi ya sa ɗalibin da ke busa wiwi zai zauna a aji awa biyu ya fita bai riƙe komai ba (ina da su, ina kuma gane su daga ido). Yaron da farfaɗiya ta riga ta taɓa masa karatu, ba shi ne za a gwada wa wannan ba. Ga shi wiwi haramtacciya ce a dokar Nijar.

Abin da ba zan yafe wa mai kayan ba shi ne saƙon murya da ya aiko: "Hajiya, ki ajiye na asibiti tukuna, kada su yi karo." Na ce, "Yaya, don Allah kada ki taɓa Dépakine ɗin nan." Dakatar da maganin farfaɗiya farat ɗaya, musamman Gardénal da mutanenmu suka fi samu, yana iya jawo jijjigar da ba ta tsayawa, kuma tana kisa. Karon da yake nufi ma akwai shi, sai dai ba yadda ya ɗauka ba: CBD mai yawa tare da Dépakine yana wahalar da hanta, shi ya sa ake auna jinin masu shan su. Da na tambaye shi takardar awon abin da ke cikin man, sai ya turo mini muryar wata mata tana shi masa albarka.

Yaya ta ci gaba da ɗiga masa na wasu makonni, faɗuwar tana nan yadda take. Da muka koma asibiti, lokotoro ya ɗora shi a sikeli ya ga ya ƙara kilo, maganin kuwa yana kan awon da. Ya ƙara masa, ya ce a riƙa rubuta ranar kowace faɗuwa a littafi, a kuma kula da barcinsa da zazzaɓin cizon sauro. Tun daga nan abin ya yi sauƙi, ko da yake bai ɗauke gaba ɗaya ba.

Ban ba kowa shawarar saye ba. Wanda ya riga ya saya, ya tafi da kwalbar wurin lokotoro ya faɗa masa ɗigo nawa yake bayarwa da tun yaushe.