Sayen kayan firaktikal na kemistiri a makarantar sakandare: wanne ya cancanci kuɗinsa?

Takardar firaktikal ta kemistiri a jarrabawar WAEC awa 2 ce, maki 50, tambayoyi uku. Ɗaya kan auna ƙarfin ruwan asid ko na alkali ta hanyar ɗiga shi daga buret (dogon bututun gilashi mai layukan awo da famfo a ƙasa), ɗaya kan gano sinadaran da ke cikin wani gishiri, ta ukun kuma kan sanin aikin ɗakin gwaje-gwaje gabaɗaya. Duk mai makaranta ko malamin da zai shiga kasuwa da kuɗi ƙalilan, ga wannan ya kamata ya duba. Kayan da ake jerawa a kabad don burge iyaye sa iya jira.

Buret shi ne ya fi cin kuɗi, shi ne kuma aka fi yin kuskure wajen sayensa. Mai cin 50 cm³ ake buƙata, amma famfon da ke ƙasansa iri uku ne. Akwai mai famfon gilashi, wanda sai an shafa masa ɗan man basilin kafin ya juya. Idan man ya yi yawa ya toshe bakin, idan ya yi kaɗan ruwa ya riƙa yoyo. Mafi muni, da zarar an bar ruwan alkalin NaOH ya kwana a ciki, famfon zai like, kuma galibi wajen ƙoƙarin kwance shi ake fasa buret ɗin. Akwai mai roba da maƙali, mafi araha, sai dai zafin watan Afrilu da Mayu na busar da robar ta tsage, iska kuma na maƙalewa a cikinta ta ɓata karatun awon. Na ukun shi ne mai famfon Teflon: ba ya son mai, alkali ba ya kama shi, in ya saki sai a ɗan ɗaure goron bayansa. Ya fi tsada, amma gara guda 20 irinsa da guda 40 masu famfon gilashi da rabinsu za su like kafin shekara ta zagayo.

Za a ga an rubuta A ko B a jikin gilashin. Buret na ajin A kuskurensa bai wuce 0.05 cm³ ba, na ajin B kuma 0.10 cm³. A fifet (siririn bututun gilashin da ake ɗibar ruwa daidai awo da shi) mai 25 cm³, 0.03 ne da 0.06. Tunda abin da ake so daga ɗalibi shi ne karatun awonsa su zo kusa da juna, bambancinsu bai haura 0.20 cm³ ba, ajin B ya wadatar. A sayi na ajin A guda ɗaya ko biyu kawai don malami. Abin da ya fi harafin muhimmanci shi ne layukan awon: a kankara da farce a gaban mai shago, in fenti ne aka ɗora a sama zai ɓare, kuma bayan wanki kaɗan ba za a ga komai ba.

Fifet ko mai 20 cm³ ko mai 25 cm³, duka an yarda da su, amma umarnin da WAEC ke aikawa makarantu na cewa ɗaliban cibiya ɗaya su yi amfani da girma ɗaya. Kada a haɗa iri biyu don an samu wani da rahusa. Kowane fifet a haɗa masa roban zuƙo ruwa; tsotsa da baki ta sa ɗalibai da yawa sun kurɓi alkali.

Gilashin da zai hau wuta, wato bututun gwaji da bika, dole ya zama borosiliket, irin na Pyrex, Duran ko Borosil. Gilashi na gama-gari yana tsagewa da an ɗora shi a harshen wuta. Kwanikal filas mai 250 cm³ ba kasafai ake dafa komai a cikinsa ba, don haka nan ana iya rage kashe kuɗi. Wajen wuta kuwa, in babu bututun gas a ɗakin, fitilar sifirit ta isa ɗumama ruwa a bututun gwaji, amma ba ta kai ta gasa gishiri irin su kabonet har ya saki iskarsa da sauri. Ƙaramar tukunyar gas da murhun Bunsen biyu ko uku a gefe guda ta magance wannan.

Sikeli fa? Na dijital mai karanta 0.01 g, wanda ke aiki da batir, saboda ba a dogara da wutar NEPA ranar haɗa ruwan jarrabawa. Sikelin kicin mai 0.1 g ba zai yi ba. Lita ɗaya ta Na₂CO₃ mai ƙarfin 0.05 mol/dm³ gram 5.30 take ci, kuskuren 0.1 g a nan ya kusa kashi 2 cikin 100, ya riga ya ɓata sakamakon aji gaba ɗaya tun ba a taɓa buret ba.

A sinadarai ne 'yan kasuwa suka fi cutar makarantu. Kwalabe masu tambarin AR su ne mafi tsabta da tsada, masu LR ko GPR na biye, sai na masana'antu da ake aunawa a leda. Na₂CO₃ marar ruwa shi ne ma'aunin da ake gwada ƙarfin asid da shi, don haka shi a sayi AR, a ɗumama shi ya bushe kafin awo. Sauran, irin su BaCl₂, HCl da amoniya, LR ya isa. Sodar da masu haɗa sabulu ke saya NaOH ce, gaskiya ne, amma ta sha danshi da iskar CO₂, wani kasonta ya zama kabonet, gram 4.0 ɗinta a lita ba zai ba da 0.1 mol/dm³ ba. Ko mai kyau ɗin ma sai an gwada ƙarfinsa bayan haɗawa, a adana shi a jarkar roba ba kwalba mai murfin gilashi ba. Asid ɗin batir shi ma a bar wa masu gyaran mota. HCl mai kauri, kusan kashi 36 cikin 100, ana ɗibar 8.6 cm³ don haɗa lita ɗaya mai 0.1 mol/dm³, H₂SO₄ mai kashi 98 kuma 2.7 cm³ don 0.05 mol/dm³. Kullum asid ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa cikin asid.

Wasu ba sa jure ajiya, kada a saye su da yawa. AgNO₃ na baƙi idan haske ya same shi, sai a kwalba mai duhu, kuma gram 25 zai daɗe. FeSO₄ mai kyau kore ne mai haske; in ya fara komawa ruwan ƙasa, ya lalace. Amoniya na bin iska cikin zafi, a ajiye ta wuri mai sanyi nesa da HCl. Indiketa, wato sinadarin da ke sauya launi idan asid da alkali sun daidaita, iri biyu sun isa: metil oranj don asid mai ƙarfi da kabonet, finolftalin don asid marar ƙarfi da NaOH. Ɗigo biyu ko uku ake sawa, ƙaramar kwalba ta ishi shekara.

Sai ruwa, wanda mutane ke rainawa. Ruwan burtsatse da fiya wata na ɗauke da kulorayid da bayikabonet, su ci wani ɓangare na asid ɗin, su kuma sa gwajin AgNO₃ ya nuna farin gurɓi a inda babu komai. Tataccen ruwa ake buƙata. Na'urar tace shi na son wuta da ruwa mai gudana. Wanda ake sayarwa a jarka don batir ya fi sauƙi, amma ba duka ne na gaskiya ba. A zuba kaɗan a bututun gwaji biyu, a ɗiga AgNO₃ a ɗaya, BaCl₂ a ɗayan. In ya yi hazo, a mayar wa mai shi. Yawansa kuma a lissafa tun da wuri: in kowane ɗalibi zai samu 150 cm³ na asid da 150 cm³ na alkali, ɗalibai 60 sun ci lita 9 na kowanne, ban da na ɗauraya da na gwajin malami. Kowanne a haɗa shi gaba ɗaya a jarka guda mai lita 20, a girgiza sosai, sannan a rarraba a kwalabe, don kada na wannan tebur ya fi na wancan ƙarfi.