Adon bango da guntayen takarda a Legas: me za ki saya, me za ki bari

'Yar'uwa, idan a Kano ko Katsina kika koyi liƙa guntayen takarda ki fitar da adon bango, to Legas za ta sake miki lissafi. Can gida sai ki jiƙa ƙaro, irin wanda ake zubawa a tawadar allo, ki liƙa abinki ya bushe kafin la'asar, ya yi shekaru bai motsa ba. Nan kuwa daga Afrilu zuwa Yuli ruwa ake zubawa, a ɗan sarara a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba, kuma ko ana rana iskar teku da danshinta take tafe. Don haka kuɗinki ya tafi kan gam da allon da za ki liƙa a kai. Takarda ita ce mafi arha a cikin kayan.

Maganar takardar ba ta da tsawo. Shomolu ce unguwar masu buga takardu a Legas, kuma daga Mile 12 motar BRT ta bi titin Ikorodu za ta sauke ki a Onipanu ko Palmgrove, sai ki shiga ciki. Duk inda kika ji ƙarar injin yanka, akwai tarin gefe-gefen takarda a ƙasa: ragowar katin biki, kalanda, fastoci, masu launin zinare da ja da kore. Wasu za su ce ki kwasa, wasu ki ba yaron shago na ruwa. Ki ɗauki mai ɗan kauri, wadda suke cewa giram 135 zuwa 150, don ba ta yamutsewa idan gam ya taɓa ta. Katin giram 250 zuwa 300 ya fi dacewa da furanni da abin da kike so ya taso daga allon, amma yana da taurin kai wajen lanƙwasa. Farar takardar ofis ta giram 80 tana shan ruwa nan da nan. Jarida kuwa ki bar ta, sai dai idan kalar tsufa kike nema, domin haske na mayar da ita ruwan ɗorawa. Abu ɗaya da ba na sassautawa a kai: ki duba kowace takarda kafin almakashi ya hau ta. Kalandun masallatai da katin ɗaurin aure sukan zo da ayoyi da sunan Allah, waɗannan a ware su.

Gam ne inda aiki ke gyaruwa ko ya lalace. Mafi arha shi ne kunun sitaci ko na fulawa da za ki dama a kicin. Yana kama takarda sosai, yana ba ki lokacin gyara guntu idan ya karkace, kuma don wasan yara ranar Asabar babu laifi. Amma abinci ne. Kyankyasai na binsa da dare, kuma da damina ta kankama za ki ga fumfuna ta fito ɗigo-ɗigo baƙi daga bayan takardar. Ƙaro ma haka: ya bushe ƙyam, danshi ya zo ya sake narkar da shi. Abin da za a rataya a falo ko a sayar wa mutane kada ya ga ɗayansu.

Farin gam na kafintoci, irin su Top Bond da ake samu a kusan kowane shagon kayan gini, shi nake ba kowa shawara. Fari ne a roba, idan ya bushe sai ya zama garai-garai ba ya nuna tabo, ba shi da warin da ke hawa kai, ƙwari kuma ba su damu da shi ba. Ki ɗebi kaɗan a murfi, ki sirka da ɗan ruwa har ya yi kaurin kindirmo, ki shafa da burushi siriri a kan allon, ba a kan takardar ba. Sannan ki ɗora guntun, ki murza da tsohon katin waya daga tsakiya zuwa gefe, ki ga iskar da ta maƙale tana fita. Wajen saye ki sa a buɗe miki robar: idan ruwa ya taso sama, ƙasan ya dunƙule, ko yana tsami, ya daɗe a shago, ki nemi wata. Ƙaramar roba ta fi babba ga mai farawa, don babbar robar bushewa take yi kafin a kai rabinta.

Gam ɗin UHU na cikin bututu yana kamawa da sauri, ya yi kyau wajen ƙananan ƙyalƙyali da zare, sai dai yana jan igiya kuma kuɗinsa ba zai bari ki rufe babban allo da shi ba. Bindigar gam mai narka sanda tana riƙe furannin kati da kyau, amma da wuta take aiki, kin kuwa san halin wutar unguwanninmu, ga ta da barin tudu a ƙarƙashin takarda marar kauri. Gam ɗin masu gyaran takalmi da sufa gulu duk suna ɓata fuskar takarda, kada ki kusance su.

Sai allon. Kwalin indomi ko na sabulu kyauta ne, kuma shi ne ya fi cutar masu farawa, saboda gam na jiƙa fuska ɗaya, ɗayar ta zauna a bushe, sai ya lanƙwashe, iskar Legas ta ƙarasa shi. Idan shi kaɗai gare ki, ki haɗa biyu, layin ɗaya a tsaye na ɗayan a kwance, ki liƙa takarda a bayansa ma, ki danne da littattafai ya kwana. Kwali mai tauri da masu ɗinkin littafi ke yin bango da shi ya fi wannan nesa ba kusa ba, kuma a Shomolun za ki same shi. Allon garin katako da ake matsewa sumul yake, amma da ya sha ruwa sai ya kumbura ya fara marmashewa. Ni filawud marar kauri nake zaɓa. Cikakkensa ƙafa 4 ne da ƙafa 8, ba kya buƙatar wannan duka. Kafintan layinku a Agege ko Idi-Araba yana da ragowa, ko ki leƙa kasuwar katako ta Amu a Mushin. Ki shafe shi da farin gam gaba da baya da gefuna, ya bushe, kafin ki fara zana Dagin Arewa ko zayyanar da kike so.

Wajen rufe fuskar aikin, shafi biyu na farin gam da aka sirka ya isa ƙura ta riƙa goguwa. Man sheƙi na kafintoci yana ƙara kariya, amma yakan sa farar takarda ta yi jaja-jaja, don haka ki gwada a wani guntu tukuna. Firam mai gilashi ya fi komai fito da aiki idan na sayarwa ne, da sharaɗin a bar tazara tsakanin gilashin da takardar, in ba haka ba gumi ya taru ta manne. Kuma a bayan allon ki liƙa murafun kwalba huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, don iska ta riƙa ratsawa tsakaninsa da bango, musamman idan bangon nan shi ne ruwan sama ke duka daga waje.