Ranar da nas ta zaunar da ni a Ingila

'Yan'uwa na Sakkwato, kuna ta tambayar jikin maigida, ga bayani. Ciwon daji ne ya kama wata 'yar tsoka da ke saman ƙoda, adirinal suke ce mata. Cuta ce da ba a cika gani ba, mutum ɗaya ko biyu cikin miliyan a shekara. Likitoci sun ce ta riga ta bazu, tiyata ba za ta yiwu ba, sai magani.

Suka ɗora shi kan mitotane, ƙwayar da ake bayarwa tun 1970, dangin maganin ƙwarin nan DDT. Tana cin ciwon, tana cin lafiyayyen wurin, jiki ya kasa yin kotisol, sinadarin da tsokar ke samarwa wanda ba a rayuwa sai da shi, dole a haɗa da hydrocortisone mai maye gurbinsa kullum. A kai a kai suke ɗibar jini, suna son awon mitotane ya tsaya tsakanin miligiram 14 da 20 a kowace litar jini. Ko sisi ba mu biya a wurin karɓa.

Da na ga amai da gudawa sun ramar da shi, sai na yi irin ta gida. Na ce magani ya yi masa yawa, na janye hydrocortisone kwana biyu. Rana ta uku ya kasa ɗaga kai, sai motar asibiti.

Da ya farfaɗo, wata nas ta ja kujera ta zaunar da ni. Ba ta ɗaga murya ba, amma wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Ta ce ƙwayar hydrocortisone ba a tsallake ta, in zazzaɓi ya zo ma ninkawa ake yi. Ta koya mini allurar gaggawa, ta sa na maimaita har hannuna ya daina rawa, ta ba shi katin da ke nuna yana shan ta, wanda zai riƙa yawo da shi a aljihu.

Wa ya taɓa zaunar da mu haka a gida? A rubuta takarda, a ce tafi kemis. Mu ma da namu laifin: da an ji sauƙi a watsar da magani, a haɗa da saiwa da jiƙo a ɓoye wa likita. Don Allah mu bari.

Sai dai nan ba dubiya. Da a Sakkwato ne, da zaure ya cika da 'yan gai da majinyaci. Nan maƙwabcinmu bai ma san an kwantar da shi ba. An ce ya riƙa shan mitotane da abinci mai maiƙo, shi kuwa ba abin da yake marmari sai fura da nono da man shanu. Madarar kanti nake dama masa, ya kurɓa sau biyu ya ajiye. Ku sa shi a addu'a.