Daga Marble Arch zuwa Piccadilly a ƙafa: wasiƙa ga Yayana a Kantin Kwari

Assalamu alaikum, Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da su Hajiya da yara da dukkan mutanen gida, ga amsar tambayar da ka daɗe kana yi mini game da manyan kantunan Landan da kake jin labarinsu a bakin alhazan da ke zuwa hutu. Ranar Asabar da ta wuce na ware wuni guda na taka yankin da ƙafata, ban shiga mota ko jirgin ƙasa ba, domin in gani da idon ɗan kasuwa kamar yadda ka koya mini tun ina yaron shago a wurinka.

Na faro daga Marble Arch, wata tsohuwar ƙofar tarihi da ke bakin titin Oxford, na bi titin, wanda tsawonsa ya kusa kilomita 2, kuma yana ɗauke da shaguna kimanin 300. Cunkosonsa bai ba ni mamaki ba, tunda wanda ya san Kwari a goman ƙarshe na azumi ya riga ya san cunkoso. Yawancin shagunan na kayan da aka ɗinka ne a Bangaladash da Sin da Turkiyya, kuma ban ga dalilin da zai sa mutum ya biya kuɗin jirgi saboda su ba. Masu fizgen waya a kan keke ma sun yawaita a wannan titi, don haka duk wanda zai zo ya adana wayarsa a aljihun ciki.

Inda na fara tsayawa da gaske shi ne Selfridges, katafaren kantin da wani Ba'amurke mai suna Harry Gordon Selfridge ya buɗe a 1909. Da shigarka ƙamshi ne zai tare ka, saboda sashen turare yana nan ƙasa kusa da ƙofa. Abin da ya ja hankalina shi ne yawan turarukan oud da miski da ambar, irin ƙamshin da matanmu suka saba da shi tun kaka da kakanni, wanda yanzu kamfanonin Faransa suke zubawa a ƙananan kwalabe su sayar fam 200 zuwa sama. Na shinshina guda uku, kuma a gaskiya ba su fi humra mai kyau ta mutanen Maiduguri kama jiki ba. Abin da suka fi mu a kai shi ne daidaito, domin kwalbar da ka saya bana ita ce za ka samu baɗi ba tare da ƙamshin ya sauya ba, alhali mai haɗa humra a gida takan yi ta yau ta fi ta jiya, ta gobe kuma ta gaza.

Babu ciniki a nan, Yaya. Farashi yana manne a jikin kaya, harajin kashi 20 cikin ɗari yana cikinsa, kuma mai shago ba zai ce maka albarka ba balle ka ƙara. Ka sanar da abokanka masu shirin zuwa cewa tun farkon 2021 aka daina mayar wa baƙi kuɗin wannan haraji a filin jirgi, saboda haka lissafin da suka saba yi a da ya canza. Na yi kewar zaman benci da gaisuwa da ruwan sanyi da ake kawo wa mai saye a wurinmu, domin ma'aikatan nan suna da ladabi amma ba su san ka ba, kuma ba za su tambaye ka iyali ba. Sai dai dole in yaba abu ɗaya. A bara na sayi takalmi a wani shago, bai yi mako biyu ba tafinsa ya ɓalle, na koma da rasit, aka mayar mini da kuɗina ba tare da jayayya ko rantsuwa ba. Dokar ƙasar ta 2015 ce ta ba mai saye kwana 30 ya mayar da kaya mai aibi. A gida wannan ya dogara ne ga mutuncin mai shago, kuma na san kai kana yi, amma ba kowa ba ne.

Daga nan na karya dama na shiga titin Bond, inda hayaniya ta ɗauke, kowace ƙofa da mai gadi sanye da baƙar kwat. A nan ne shagunan gwal da agogo da jakunkunan fata suke, kuma a nan na fi daɗewa. Ka gaya wa Anti, tunda ita ce ta tambaya, cewa kada ta yi tunanin sayen gwal na ajiya a wannan titi. Yawancinsa mai karat 18 ne, ba 21 ko 22 da matanmu ke sayowa daga Dubai da Saudiyya ba, kuma ba a auna shi a sayar da giram, sunan kamfani da aikin ƙira ake biya. Ranar da buƙata ta taso aka kai shi ga mai sikeli, ba zai biya kuɗin suna ba. Amma akwai tsarin da na so a ce muna da irinsa. Doka ta hana a sayar da abu da sunan gwal, in ya kai giram 1, sai an kai shi ofishin gwaji mai zaman kansa an buga masa hatimi. Lamba 750 tana nufin karat 18, 916 kuma karat 22, sannan hoton kan damisa shi ne alamar ofishin Landan. Mai saye ba ya buƙatar rantsuwar kowa, hatimin ya isa shaida.

Jakunkunan fata su ne suka taɓa mini zuciya. Na ga ƙaramar jakar hannu ta fam dubu uku da wani abu, na roƙi a ba ni in taɓa, na juya ta na duba ɗinkin ciki da baki. Ban san daga ina fatarta ta fito ba, amma na tuna cewa fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda majeman Kano suka jeme, ita ce fatake suka riƙa ketare Sahara da ita har Turawa suka sa mata suna fatar Maroko, kuma har yau masana'antun Challawa da Sharaɗa suna tura fata Italiya da Sifaniya. Dukawanmu ba su gaza a hannu ba. Abin da na gani a wannan jaka wanda ba na gani a Kasuwar Kurmi shi ne ƙarasa aiki: zare ɗaya bai fito ba, zif yana tafiya sumul, launi ba ya zuba a riga, babu warin jima, kuma in ta lalace akwai inda za ka kai a gyara. Mu muna sayar da fata da araha, su suna sayar da wannan ƙarashen da tsada, kuma ribar tana zama a wurinsu.

Haka na sake gani a Savile Row, ɗan gajeren layin teloli da ke gabas da titin Bond. Ta tagogin ƙasa kana hango masu yanka da masu ɗinki suna aiki da allura. Kwat ɗaya takan ci awa 50 ko fiye na aikin hannu, kuɗinta kuma yakan fara ne daga wajen fam dubu biyar. Suna yanka wa kowane mutum samfurin awonsa a takarda su ajiye shi shekara da shekaru, kuma sai ya dawo gwaji sau biyu ko uku kafin a ƙarasa. Na tsaya ina tunanin babbar riga mai aska takwas da masu ɗinkin hannu na Zariya kan shafe watanni a kanta. Aikinsu ya fi wannan cin ido da haƙuri, amma ɗan abin da ake biyansu bai kai su koya wa 'ya'yansu sana'ar da farin ciki ba, kuma wannan yana damuna ƙwarai.

Na ratsa ta Burlington Arcade, rufaffen layi da aka buɗe a 1819, mai dogarai na kansa da ke hana gudu da fito, na ɓullo titin Piccadilly kusa da Fortnum & Mason, kantin shayi da kayan maƙulashe da ya faro tun 1707. A nan na saya wa Hajiya gwangwanin shayi ɗaya, shi kaɗai ne abin da na saya duk wunin. Shadda da atamfa da leshi kuwa ban gan su ba ko a shago ɗaya. Sai an je gabashin birnin wajen kasuwar Petticoat Lane ake samunsu, kuma zaɓin da ke layinku ya fi nasu nesa ba kusa ba, don haka kada kowa ya ba ni sautun Getzner daga nan.

La'asar ta kusa, sai na koma arewa zuwa babban masallacin Regent's Park na yi salla, ƙafafuna duk sun yi tsami. Ina roƙonka, in akwai mai tahowa kafin ƙarshen wata, ka sa a nemo mini jakunkuna biyu da takalmi ɗaya daga hannun baduku mafi tsafta da ka sani a Kurmi. Ka ce masa kada ya yi gaggawa, ya sa zif mai kyau ko da kuɗin zai ninka, ni zan biya. Akwai wata mai ƙaramin shago a unguwarmu da ta yarda ta duba su. A gaida Hajiya, a ce mata shayinta yana tafe.

Ƙaninka.